Hitar da rubutun jikinta ya goge, ya zan gane wat nawa take ja?

Ɗan_Fagge:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin lantarki a taimaka min da wani lissafi. Akwai wata hita a gidanmu irin wadda ake tsomawa a bokiti, tunda sanyin nan ya shigo kullum da asuba ita ake jonawa yara su samu ruwan wanka kafin makaranta, to rubutun da ke jikin mariƙinta duk ya goge ba ka ganin ko wat nawa ce. Ni ina koyon wayarin ne, sai na ari kilam mitar ogana, irin mai baki da ake kama waya da shi a auna amp, na kama waya ɗaya lokacin da hitar ke cikin ruwa tana aiki, ta nuna min amp 6.4, na kuma auna soket ɗin da ƙaramar mita na samu bolt 220. To da lambobin nan biyu za a iya sanin wat ɗinta? Om ɗinta fa? Dalilin tambayar shi ne muna da janareto 2.5kVA kuma Hajiyarmu tana so in an ɗauke wuta a riƙa jona hitar a kai, ni kuma tsoro nake kar a kashe jen ɗin don shi ke riƙe mana firij da fankoki.

Na biyu kuma, akwai wani tsohon ƙwan fitila mai zare na wat 60, na auna shi da mita a wajen om ya ba ni 64, amma wani abokina ya buga lissafi a waya ya ce ai kamata ya yi ya kai wajen 880. Mitar ce ta lalace ko lissafinsa ne ba daidai ba? Sannan wayar ekstenshin ɗin da ake jona hitar tana ɗaukar zafi sosai, fulogin ma har ya fara yin baƙi ta gefe ɗaya. Na gode.

Malam_Fiziks:

Wa alaikumus salam ƙanena, ai ka riga ka yi aikin da ya fi wuya tunda ka auna, saura ninkawa da rabawa kawai. Wat shi ne bolt sau amp, wato P = V × I. Naka 220 × 6.4 ya ba da 1408, ka ga hitar tana cin kusan wat 1400 a lokacin da ka auna. Om kuma bolt ake rabawa da amp, R = V ÷ I, 220 ÷ 6.4 zai ba ka 34.4. Wannan ta biyun ita ce dokar Ohm da ake koyarwa a sakandare, Georg Ohm malamin makaranta ne Bajamushe, a 1827 ya fitar da ita, sunansa ne aka sa wa ma'aunin.

Amma ga inda nake so ka tsaya ka gane da kyau don nan ne ɗalibaina ke yawan zamewa. A cikin lambobin nan huɗu, bolt da amp da wat da om, guda ɗaya ce tal mallakin hitar, ita ce om ɗin. Turjiyar nan ta 34.4 tana cikin wayar da aka naɗe a cikin ƙarfen, tsawonta da kaurinta da irin ƙarfen da aka yi ta da shi ne suka yanke ta tun daga kamfani. Bolt na layi ne, yau ya zo 220 gobe ya zo 180. Amp kuma abin da ya biyo baya ne, in bolt ya canza dole ya canza, wat ma haka. Saboda haka wat ɗin da ake bugawa a jikin kaya alkawari ne mai sharaɗi, ma'anarsa in ka ba ni bolt kaza zan ci wat kaza. Wutar gida a Najeriya a ƙa'ida 230 ce, to mu gwada da ita. Akwai gajeriyar hanya, P = V × V ÷ R. 230 × 230 = 52900, a raba da 34.4 ya zama 1538. Kenan abin da ya goge a jikin mariƙin nan kusan tabbas 1500W ne.

Yanzu ka ɗauka da magariba kowa ya kunna kayansa wuta ta yi ƙasa zuwa 170. Amp zai zama 170 ÷ 34.4 wato 4.9, wat kuma 170 × 4.9 wajen 840. Duba fa, daga 220 ɗin da ka auna bolt bai sauka da ko kashi ɗaya cikin huɗu ba amma wat ya zube da kashi 40 cikin 100, saboda bolt sau biyu yake shiga lissafin. Shi ya sa za ka ji mata na cewa yau hitar nan ba ta da kuzari. Ruwa lita 20 in kana so ka ɗaga zafinsa da digiri 20 yana buƙatar kusan yunit 0.47 na mita, a wat 1400 minti 20 kenan, a wat 840 kuwa sai ya haura minti 33. Yunit ɗin da za a ci kusan ɗaya ne, lokacin ne ya ƙaru.

Batun ƙwan fitila kuwa mitarka lafiyarta ƙalau, abokinka ma ya yi daidai. 52900 ÷ 60 = 882, wannan om ɗin zaren ne lokacin da yake ci, ya yi fari tas da zafin da ya wuce digiri 2000. Kai kuma ka auna shi a sanyi a hannunka. Zaren tongistin ne, turjiyarsa tana hawa sosai da zafi, ninki goma har sha biyar tsakanin sanyi da lokacin da yake haske, 64 sau 14 ai ka ga ya kai can. Wannan ne ma dalilin da ya sa irin ƙwan nan ya fi mutuwa daidai lokacin da aka danna makunni, a ɗan ƙiftawar nan zaren na da sanyi, om kaɗan, sai amp mai yawa ya afka masa. Ita hita wayar cikinta naikurom ce, zafi ba ya canza ta sosai, in ka zare ta daga soket ka ɗora mita a ƙafafun fulogin za ka ga 33 ko 34 ko 35, gwada ka faɗa mana.

Baba_Mai_Rewayin:

Malam Allah ya ƙara basira, lissafi ya fita, amma ni akwai inda ban yarda ba. Ka ce in wuta ta yi ƙasa amp sauka yake. To ni sana'ata naɗin koyil ce, injin ruwa da fanka da kwampiresan firij su ake kawo min kullum a ƙone, kuma in ka tambayi mai shi me ya faru amsar ɗaya ce, lo karan aka kawo. Na sha kama waya da kilam mita injin ruwa na aiki a wuta mai rauni, amp ɗin sama yake yi ba ƙasa ba, injin da ya saba cin biyar sai ka ga yana neman bakwai yana gurnani jikinsa ba ya taɓuwa. In da amp sauka yake me zai ƙona koyil? Yaron nan kar a ba shi rabin karatu ya je ya yi wa mutane ɓarna a gidajensu.

Malam_Fiziks:

Baba ranka ya daɗe abin da ka gani da idonka gaskiya ne ɗari bisa ɗari, kuma na ji daɗi da ka kawo shi. Maganata a kan hita ce da danginta, dutsen guga, ketil, hotfilet, ƙwai mai zare, duk abin da aikinsa kawai ya mai da wuta zafi. Moto kuwa wani gida ne daban. Shi moto in yana juyawa yana haifar da nasa bolt ɗin a cikin koyil wanda ke tunkuɗe na layi, wannan ne ke rage masa amp, ba turjiyar wayar kaɗai ba. Ruwan da zai ɗaga zuwa tanki nauyinsa bai ragu ba don wuta ta yi ƙasa, to sai gudunsa ya ja baya, tunkuɗewar nan ta ragu, amp ya hau. In ya kasa tashi gaba ɗaya ya tsaya yana gurnani to babu abin da ya rage tsakanin layi da koyil sai 'yan om ƙalilan na wayar da kake naɗawa, amp ya ninka sau biyar ko shida, zafi kuma amp sau amp sau om ne, minti kaɗan varnish ɗin ya narke an kawo maka aiki.

Shi ya sa ma ba a ɗaukar mita a auna om ɗin koyil ɗin moto a ce za a raba bolt da shi a samu amp ɗin da yake ci, lissafin ba zai taɓa fita ba. Haka kuma bolt sau amp a moto ba wat ne tsantsa ba, shi ake kira VA, sai an ninka da wani adadi da bai kai ɗaya ba, fawa fakto, kafin a samu wat na gaskiya. A hita adadin nan ɗaya ne cif, shi ya sa lissafin ƙanenmu ya zo da sauƙi.

Baba_Mai_Rewayin:

To yanzu ka yi magana. Ɗana ka riƙe wannan, kayan zafi daban kayan juyi daban. Bari in amsa maka ta janareto tunda ita ce damuwar Hajiya. Wannan 2.5kVA da ka gani ba wat 2500 ba ne, yawanci da 0.8 ake ninkawa, ka ce wat 2000, shi ma in jen ɗin sabo ne mai lafiya kuma masu shi ba su yi ƙari a rubutun ba, don wasu lambar da suke mannawa babba a jikin tanki ta ɗan lokaci ce, ta gaskiyar tana can a ƙaramin rubutu a gefe. Hitarku ita kaɗai ta kwashe 1400 zuwa 1500. Saura 500. Fankar sama ɗaya ka ba ta 70 ko 75, uku sun cinye sama da 200. Firij yana tafiya ba ya cin abin a zo a gani, amma lokacin da kwampiresa zai tashi yakan fizgi ninki da yawa na ɗan daƙiƙa, in ya zo fizga ya tarar hita ta riga ta danne jen ɗin bolt ya yi ƙasa, shi kenan ya shiga halin da Malam ya gama bayani, ya yi ta ƙoƙarin tashi yana kasawa kana jin ƙas ƙas ɗin nan na obalod, wato ɗan abin da ke yanke wa kwampiresa wuta in ya yi zafi. Shawarata in dole sai an jona, a zare firij tukuna, a dafa ruwan minti ashirin, a zare hita, a jira kamar minti biyar sannan a mayar da firij. Amma tsakani da Allah dafa ruwa da fetur asara ce, gas ko gawayi ya fi muku sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙaramin jen ɗin nan kuwa na wat 650 da ake kira na fi maƙwabcina, ko da wasa kar wani ya gwada masa hita.

Injiniya_Zariya:

Ni abin da ya fi tsaya min a rai a duk tambayar nan shi ne layin ƙarshe da ka rubuta kamar ba komai ba, waya na zafi fulogi ya yi baƙi. Ɗan'uwa wannan shi ne na gaggawa, jen in ya mutu a gyara, gobara fa?

Ita ma wayar ekstenshin tana da nata om ɗin, kuma amp 6.4 ɗin nan duk ta cikinta yake bi kafin ya isa hita. Zafin da ke tashi a jikinta P = I × I × R ne. Jan ƙarfe mai kaurin 1mm² kowace mita ɗaya tana da kusan om 0.0175. Ban san tsawon taku ba amma mu ce mita 20 ce, wuta za ta je ta dawo kenan mita 40, in siririyar nan ce 0.75mm² to 0.0175 × 40 ÷ 0.75 ya ba da om 0.93. Kamar ba yawa ko? To 6.4 × 6.4 = 41, sau 0.93, wat 38 kenan ke zama zafi a cikin roba, kuma bolt 6 sun ɓace a hanya. In an bar wayar a naɗe a ƙunshe ko an bi da ita ƙarƙashin kafet ko katifa zafin ba shi da hanyar fita, taruwa yake. Da 2.5mm² ce, irin wadda ake ja wa soket a bango, om ɗin 0.28 ne, zafin wat 11 ko 12 a baje a tsawon mita 20, ko ɗumi ba za ka ji ba. Kuma wannan lissafin na jan ƙarfe na gaske ne, kasuwa cike take da wayar da alminiyom ce aka shafa mata ja a sama, ka kankare silin da wuƙa za ka ga fari a ciki, ita turjiyarta ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi, ga silin 'yan ƙalilan roba ce ta cika ta. Araha ba ta ado.

Fulogin kuma da ya yi baƙi ta gefe ɗaya, wannan alamar sako-sako ce. Ko dai sukurun da ya danne waya a ciki ya kwance ko bakin soket ɗin ya buɗe ba ya kama ƙafar da kyau. In wajen haɗuwar nan ya samu ko da rabin om ne, 41 × 0.5 wat 20 kenan a wuri ɗaya da bai fi girman farce ba. Buɗe shi ka gani, za ka tarar robar da ke zagaye da ƙafar ta yi ruwan ƙasa ta ƙwanƙwashe, sukurun ya dafe, silin wayar sun yi baƙi suna karyewa in ka lanƙwasa, ga wani wari kamar na kifi. Zafi na ƙara tsatsa, tsatsa na ƙara om, om na ƙara zafi, haka yake ta ci har ranar da zai kama. Kuma fis ɗin amp 13 da ke cikin fulogi ba zai cece ka ba, shi amp yake gani, 6.4 kuwa ko rabin iyakarsa bai kai ba, a wajensa komai lafiya. Ka yanke fulogin ka jefar, ka yanke wayar har inda jan ƙarfen ke ƙyalli, ka sa sabo mai nauyi, soket ɗin ma a canza shi don shi ma ya riga ya ƙone ta ciki. In da hali a jona hitar kai tsaye a soket ɗin bango a kai bokitin wajen.

Sai kuma mita tunda kana koyo. Om ba a auna shi sai an zare kaya daga wuta gaba ɗaya. Kar ka taɓa juya ƙaramar mita zuwa wajen amp ka tsoma tsinkayenta a ramin soket, a wannan yanayin ita mitar kusan waya ce miƙaƙƙiya, shot ka haɗa da hannunka. Kilam kuma waya ɗaya ake kamawa kamar yadda ka yi, in ka haɗa biyun sifili za ta nuna. Ƙarin gwaji ɗaya da nake roƙonka ka yi yau ɗin nan, ka zare hitar, mita a wajen om mafi girma, tsinke ɗaya a ƙafar fulogi ta wuta ɗaya a jikin ƙarfen da ke shiga ruwa. Bai kamata ta nuna komai ba. In ta nuna wata lamba to wuta na zuba cikin ruwan, a fasa ta a jefar kar ma wani ya tsinta. Ko ta ci gwajin ma doka ɗaya ce a gidan, ba mai sa hannu a bokiti ya ji ko ruwa ya yi zafi sai an zare fulogi, yara ne fa ke amfani da ruwan nan, kuma jikin mutum a jiƙe ƙafa a ƙasan banɗaki amp ɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amp ɗaya ba ya isa ya tsayar da zuciya.

Sola_Maraɗi:

Sannunku da ƙoƙari, mu nan Nijar 220 ne namu amma lissafin duk ɗaya ne. Ina so in ƙara abu guda don na san in an hana Hajiya jen gobe wani zai ce to a jona a inbata. Wat 1500 a bolt 230 amp 6.5 ne kawai, amma ta ɓangaren batir mai bolt 12 sai ka raba 1500 da 12, amp 125 kenan, in ka sa asarar inbata ya doshi 140. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ko om 0.01 gare ta, 125 × 125 × 0.01 ya wuce wat 150 na zafi, shi ya sa kake ganin kan batir na narkewa a gidajen da aka haɗa da wayar da ba ta kai ba. In tsarin 24 ne amp ya dawo rabi, zafin kuma ya dawo kashi ɗaya cikin huɗu, wat 39. Dalilin kenan da manyan layuka ke ɗaukar wuta a bolt mai yawa, layin da ke zuwa Kumbotso a Kano 330,000 ne, wanda ya taso daga Birnin Kebbi zuwa Yamai 132,000, a ɗaga bolt don amp ya yi ƙasa waya ta huta. Batir 200Ah na bolt 12 a takarda 2400Wh ne, in mai ruwa ne ko jel rabi ake so ka ci in kana son ya yi maka shekaru, kuma in ana zuƙarsa da ƙarfi haka ko rabin ba zai bayar cikakke ba. Bokiti biyu sun tashi da wutar daren gaba ɗaya.

Ɗan_Fagge:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Malam, Baba, Injiniya da yayanmu na Maraɗi. Na zare hitar na auna ƙafafun fulogi mita ta ba ni 33.8, tsakanin ƙafa da jikin ƙarfe kuma ba ta nuna komai ba. Fulogin na buɗe shi, sukurun jar wayar ne ya kwance har silin biyu kawai ke riƙe, robar wajen duk ta dafe. Wayar ekstenshin ɗin ma na kankara fara ce a ciki, na naɗe ta na ajiye gefe. Hajiya ta yarda in babu wuta a ɗora tukunya a gas. Injiniya saura tambaya ɗaya, ogana yana da ragowar 1.5mm² mai kyau wajen mita 8, za ta iya ɗaukar hitar zuwa ƙofar banɗaki ko lallai sai na sayi 2.5?

Injiniya_Zariya:

Buga da kanka mana, ai yanzu ka iya. Mita 8 zuwa da dawowa 16, 0.0175 × 16 ÷ 1.5 ya ba da kusan om 0.19, sau 41 bai kai wat 8 ba, bolt ɗaya da ɗan ɗoriya ne zai ɓace. Za ta ɗauka ba matsala in jan ƙarfe ce ta gaske mai sili uku, ka haɗa wayar at ɗin ta uku, wato wadda ke kai wutar da ta zube zuwa ƙasa, a duka ɓangarorin, soket guda ɗaya tal a ƙarshenta kar a samu mai ƙara dutsen guga a kai, kuma soket ɗin ya tsaya a waje sama da ƙasa inda ruwa ba ya fallatsa. In ka gama ka bar hitar ta yi minti goma ka zare ka taɓa fulogin, in da ɗumi fiye da kaɗan ka sake buɗewa ka ƙara ɗaure sukurun.